Akuyar Bappa Hamidu da Lambun Goggo

Damina ta fara ja da baya a Jimeta. Hadari kan taso ta wajen kogi da la'asar, ya yi ta gurnani har mata su kwashe shanya, sannan ya watse bai zubar da ko ɗigo ba, ya bar mu da zafin nan mai danƙo da ke manna wa mutum riga a baya. A irin wannan lokaci sabuwar masara ke shigowa gari. Kwanan nan wani abokin aikina da ke noma a hanyar Numan ya aiko mini da buhu guda, mai keke napep ya dire shi a ƙofar gida. Matata Hajara ta fito, ta dubi buhun, ta dube ni, sai ta koma ciki tana dariya. Ƙananan yaranmu, waɗanda ba sa cin komai da daɗin rai sai taliyar leda, ba su san abin dariyar ba. Ni na sani.

Shekarar da masu tayar da ƙayar baya suka shiga Mubi, a daidai irin wannan lokaci ne. Ni akawu ne a ma'aikatar gwamnati, gidana a Jambutu ɗaki uku ne da ɗan tsakar gida. Kafin mu ankara gidan ya cika da dangi masu gudun hijira, da dangin dangi, da waɗanda suka biyo dangi don sun ji an ce akwai wani Usmanu a Jimeta. Mata da yara suka ɗauki ɗakuna, maza muka koma zaure da tsakar gida. In ka tashi alwalar asuba sai ka yi ta tsallake ƙafafu kana ba da haƙuri, wasu ƙafafun ma ba ka san sunan masu su ba.

Cikin waɗanda suka fara isowa akwai Goggo Dija, yayar mahaifina. Ta yi shekaru tana koyar da girki da kiwon lafiya a makarantar 'yan mata kafin ta yi ritaya. Ta iso da takalmi ƙafa ɗaya nata, ƙafa ɗaya na wata, ƙafafun sun kumbura don tafiya. Hajara ta shimfiɗa mata tabarma ta ce ta huta. Goggo ta sha ruwa, ta yi hamdala, ta ce a nuna mata inda muke ajiye kayan abinci.

Ƙaninta Bappa Hamidu shi ne na ƙarshen isowa, har mun fara jin tsoro. Wata ranar da hantsi keke ya tsaya a ƙofar gida. Surukarsa Rabi ta fito da 'yarta Fadi a goye, yarinya 'yar shekara biyu. Mijin Rabi gudu ya raba su, ba a san inda ya nufa ba. Sai ga Bappa ya sauko a hankali, rungume da wata jar akuya kamar mai riƙe da jariri. Gonarsa, rumbunsa, sauran dabbobinsa, duk ya baro su. Wannan ita kaɗai ta biyo shi, kuma da ta gaji a hanya saɓa ta ya yi a wuya, don tana da ciki.

A Hausar Bappa babu mace, kowa da komai namiji ne. Da ya ga yadda mazan zaure ke kallon akuyar, bai ko gama gaisawa ba ya ce, "Akuyan nan ba na yanka ba ne. Kowa ya ɗauke idonsa a kansa."

Yara suka sa mata suna Hajiya, tunda a keke ta zo.

Mutanen Jimeta sun yi mana kirki, Allah ya saka musu. Masallacin unguwa ya aiko da masara. Maƙwabcinmu ɗan coci ya shigo da masara. Abokan aikina suka haɗa hannu suka kawo masara. Kowa abin da yake da shi ya bayar, kuma a wannan kaka abin da kowa yake da shi ke nan. Da asuba mata su yi surfe, a kai inji, a dawo a tankaɗe. Da safe kunun masara ko ɗumame, da rana tuwo, da dare tuwo. Miyar kuwa kuka ce, da daddawa da gishiri, an tsinka ta don ta ishi kowa, har in ka leƙa kwanon kana iya gyara hularka. Ciki yana cika, amma in ka tashi daga gaban kwano sai ka ji kamar akwai abin da ka manta. Ƙamshin tsire daga bakin titi kan biyo iska da yamma ya shigo zaure, sai hira ta mutu, kowa ya riƙa haɗiyar yawu, wasu su waiwayi Hajiya.

Goggo tun farko take ƙorafi a kan abincin, ba mai saurarenta. A ganinmu wanda ya tsira da ransa, ya sami tuwo sau uku, ba shi da bakin magana.

A haka muka yi makonni. Fadi, wadda nonon uwarta ya ɗauke tun a hanya, ba ta cin komai sai kunu. Ta zo mana a rame, sai kuma muka ga ta fara cika. Kumatu suka fito, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul. Mata suna ɗaga ta suna cewa ruwan Yola ya karɓe ta. Bappa ya fi kowa murna.

"Kun gani? Tuwo ke nan. Yaron nan ya yi ƙiba."

Goggo tana tsintar tsakuwa a faifai. Ta ajiye faifan ta ce wa Rabi ta miƙo yarinyar. Ta ɗora ta a cinya, ta danna babban yatsanta a kan ƙafar Fadi, ta ɗan jima, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ya zauna a lotse kamar an danna malmalar tuwo. Ta shafa gashin yarinyar, wanda ya yi ja ya yi laushi. Fadi ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba, kallonmu kawai take yi kamar tsohuwar da ta gaji da duniya.

"Wannan ba ƙiba ba ce, Hamidu. Ruwa ne. Tamowa ce ta kama ta. Usmanu, nemo keke."

Asibiti suka riƙe Fadi da uwarta na wasu kwanaki. Da aka sallamo su an ba su wani kwaɓin gyaɗa a ƙananan ledoji, aka ce magani ne, nata ne ita kaɗai. Goggo ta ƙulle ledojin a bakin zaninta, da su take kwana, da su take salla, don ta lura manyan yara sun gano abin yana da zaƙi.

Ran da suka dawo, bayan la'asar, ta tara gidan gaba ɗaya. Ta zauna a kan turmi, mu muna ƙasa, har da masu furfura.

"Masara ba ta yi laifi ba," in ji ta. "Itacen wuta ce. Ita ke ba ku ƙarfin tashi da tafiya, ita da ɗan man da ake sa wa miya. Amma ba a gina gida da itacen wuta. Jikin yaro gini ake yi, bulo yake so. Bulon shi ne furotin."

Bappa, wanda ke kiranta Adda, wato yaya, ya gyara zama. "Fura a tin? In akwai a ba ni, Adda. Rabona da fura tun Mubi."

"Furotin na ce. Wake, gyaɗa, kifi, ƙwai, nono, nama."

Da ta ce nama, kawuna suka juya wajen Hajiya. Bappa ya jawo igiyarta kusa da shi.

"Bayan bulo kuma gida yana son maigadi," Goggo ta ci gaba. "Ganye da 'ya'yan itace. Su ke da bitamin, su ke gyara jini, su tsare ido da fata, su hana cuta shiga yadda ta ga dama."

"Ganye abincin akuya ne," in ji Bappa. "Ni na girma da tuwo da nono. Kuma gidana na Mubi ba shi da maigadi."

"Shi ya sa kake Jimeta."

Na ɗauka maganar ta yi nauyi. Sai kafaɗun Bappa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da hawaye, kowa ya kama. Tun da suka iso ban ji an yi dariya irin wannan a gidan ba. Wasu matan dariyar ta juye musu kuka, suka share ido suka ci gaba da dariya.

Washegari mulkin Goggo ya fara. Ta sa aka ɗauki wani kaso na masarar aka kai kasuwa aka musanyo wake da gyaɗa da ɗan manja. Wannan ya jawo surutu a zaure, domin malmalar tuwo ta ƙanƙance. Wani dattijo ya ɗaga tasa ya ce a da in ya ci tuwo sai an taimaka masa ya tashi, yanzu kuwa tuwon ne ke neman taimako. Kunun safe ya koma kunun gyaɗa. Wake ya shiga miya, ya shiga cikin dafa-duka, har garin ƙuli-ƙuli take barbaɗa wa yara a kan tuwo. Abin da wake ya yi wa zauren da maza suke kwana a jere cikin zafi, ba zan rubuta shi ba. An dai koma barin ƙofa a buɗe.

Ni aikina kifi ne. In na tashi daga ofis sai in bi ta bakin kogi wajen masu banda, in sayo ƙananan nan da ɓaraguzan da ke taruwa a ƙasan kwando. Ran farko na ji kunya, ina sanye da kaftani mai guga ina cinikin abin da masu kyanwa ke saya. Goggo ta daka su har da ƙaya da kai, ta ce ƙashin kifin shi ke gina ƙashin yaro. Cokali guda a kunun Fadi, sauran a tukunya.

Sai lambu. Tsakar gidan ba wurin shuka, don haka ta sa aka cika tsofaffin buhunan siminti da ƙasa da kashin Hajiya, aka jera a bakin rariya. Ta shuka alayyafo da yakuwa da rama, ta kafa sandunan zogale, ta sa kabewa ta hau katanga. Ruwa saye muke yi wurin masu kura, babu na ban-ruwa. Sai ta kafa doka: duk mai alwala ya tsuguna a kan buhu.

"Yanzu alwala ma an ba shi aiki," in ji Bappa. Amma ya tsuguna.

Cikin sanyi Hajiya ta haihu, ɗa guda, namiji. Bappa ya yi ta zagaya gida yana karɓar barka kamar shi aka yi wa haihuwa. Goggo ta bari ɗan ya sha na kwanakin farko, sannan ta zo da ƙaramin kwano ta tsaya a kan ƙaninta. Bai yi musu ba. Da hannunsa yake tatsa kowace safiya, a tafasa, a zuba wa Fadi a kunu. Nan ne kaɗai ilimin Goggo da na Bappa suka haɗu ba faɗa.

Kumburin Fadi ya sauka, sai ainihin ramarta ta fito, haƙarƙari a waje, wuya kamar zare. Rabi ta sami Goggo a madafa tana kuka, ta ce yarinyar lalacewa take ƙara yi.

"Ruwan ne ya tafi, 'yata. Abin da kika gani yanzu shi ne 'yarki ta gaskiya. Daga nan za mu fara gini."

A hankali Fadi ta fara karɓar cokali da kanta. Ta fara kuka in an makara da kunu, kuka mai ƙarfi, wanda Goggo ta ce ya fi mata kiɗa daɗi.

Ganyen lambu ya yi kore shar, har maƙwabta na leƙowa. Ana saura kaɗan a fara tsinka, wata ranar Juma'a maza muka tafi masallaci, mata suka shige ɗaki gudun rana, Hajiya ta tsinke igiya. Da muka dawo babu alayyafo, babu rama, zogale ya koma sanda kamar yadda aka kafa shi. Hajiya na kwance a inuwa, ciki ya yi tim, tana tuƙa a natse.

Goggo ba ta ɗaga murya ba. Ta aika a kira Bappa.

"Hamidu, bitamin ɗin gidan nan gaba ɗaya yana cikin akuyarka."

Bappa ya dubi buhunan, ya dubi akuyar, ya shafa gemu.

"To ai bai ɓata ba, Adda. Gobe da safe zai fito a nono."

A iya sanina ran nan ne kaɗai Bappa ya kayar da Goggo a magana. Ta juya ta ce a nemo ƙaya a kewaye buhunan, aka sake shuka.

Bazara ta shigo da zafinta na Yola, wanda ko tabarma ka taɓa sai ka ji kamar an sauke ta daga wuta. Ruwan randa ya koma ɗumi, kwalta tana narkewa a titi, dare ma ba sauƙi. Lambu ya sake tashi, miya ta yi kauri ta yi kore, kowa yana ci. Banda Bappa. Shi sai ya tsame ganyen ya tara a gefen kwano, ya miƙa wa Hajiya. Kabewa ma ya ce abincin marasa haƙori ce. Nonon da ya saba sha a gida kuwa, ɗan abin da ake samu na Fadi ne, ko ɗanɗanawa ba ya yi.

Mun lura ya fara tuntuɓe in ya dawo daga sallar magariba, muka ɗauka tsufa ne. Wata ranar sun ɗan yi cacar baki da Goggo da rana. Da magariba ya shigo, ya nufi kusurwar da duron ruwa yake, wanda Hajara ta yafa wa hijabinta don ya bushe. Ya tsaya a gabansa, ya rage tsawo.

"Adda, an wuni lafiya?"

Duro bai amsa ba.

"Maganan rana ne har yanzu? Ai ya wuce."

Shiru.

"Adda, ka girme ni, amma ni ma na yi jika. Gaisuwa dai ana amsawa."

Goggo tana zaune a bakin madafa a ɗaya gefen, ta ɗaga mana hannu kada kowa ya yi magana. Sai da Bappa ya gama ba duro haƙuri, har ya yarda cewa shi ne bai kyauta ba, sannan ta ce daga bayansa, "Na yafe maka, Hamidu. Amma juyo nan."

Dundumi ne ya kama shi. Da rana yana gani sarai, rana na faɗuwa ido ya rufe. Da aka gama dariya sai tsoro ya shigo, don Goggo ta ce in aka bar shi yana iya cin idon gaba ɗaya. Kowa ya san maganin dundumi tun kakanni, hanta ce. Ni kuwa, da na ga dama ta samu, na yi gyaran murya na ce tunda lafiyar Bappa ta fi komai, ga hanta nan tana yawo a tsakar gida. Mazan zaure suka ce wallahi Usmanu ya yi magana.

Bappa ya sunkuyar da kai. Ina jin da an matsa da ya yarda. Goggo ce ta tare.

"Ku ci nama rana ɗaya, gobe Fadi ta sha me? Hantar da zai ci ba ta fi tafin hannu ba, mahauci yana da ita. Sauran maganin kuma ga shi can a buhu."

Aka sayo 'yar hanta aka gasa masa, ya ci yana lumshe ido, mu muna kallon sama. Ya so a ce maganin ke nan kullum. Goggo ta ce daga yau sai kwaɗon zogale, da miyar alayyafo da manja, da kabewa, da mangwaro tunda ya fara nuna. Ta zauna a gabansa da kwano.

"Adda, a gaban yara?"

"To juya musu baya."

Haka ya riƙa ci, fuska ga katanga, Hajiya a gefensa tana tuƙa nata, su biyu baki na motsi iri ɗaya. Ba wanda ya isa ya yi dariya a fili. Hajara takan shige ɗaki ta toshe baki da filo.

Ba a daɗe ba ido ya dawo. Yadda muka gane shi ne, wata magariba ana raba tuwo, wuta ta ɗauke, sai muka ji muryarsa daga can ƙarshen tabarma: "Na Usmanu ya fi nawa girma." Goggo ta ce alhamdulillahi, ya warke.

Kafin ruwan farko labari ya fara zuwa cewa hanya ta buɗe, mutane suna komawa. Mijin Rabi ya bugo waya daga wani ƙauye a tsallaken iyaka, yana raye. Gidan ya fara raguwa, ƙafafun da nake tsallakewa da asuba suka yi ƙaranci har abin ya riƙa ba ni kewa. Bappa ya ce zai je ya ga abin da ya rage na gidansa, ya gyara gona kafin shuka. Goggo ta ce ita da Rabi da Fadi sai yarinyar ta ƙara ƙwari. Lokacin Fadi ta fara gudu a tsakar gida, baƙin gashi ya tsiro a ƙarƙashin jan, kuma ba ta da aiki sai jan kunnen Hajiya.

Ran tafiyar, da sassafe, na kira keke ya kai shi tasha. Bappa ya tatsi nono kamar kullum, ya miƙa wa Rabi. Ya ɗaura wa Hajiya sabuwar igiya, ya ja ta har ƙofar gida, ɗanta na biye. Duk abin da ya mallaka a duniya a lokacin, su ke nan a ƙarshen igiyar. Fadi ta biyo su da kofinta a hannu, ta tsaya a bakin zaure tana kallo.

Bappa ya sa ƙafa ɗaya a keke, ya tsaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke ƙafar, ya dawo, ya miƙa wa Goggo igiyar.

"Adda, riƙe. Motan Mubi ba ya ɗaukan dabba yanzu."

Mai keke ya leƙo ya ce, "Suna ɗauka, Baba. Jiya ma na kai wani da tumaki."

"Kai, wa ya tambaye ka?"

Ya shiga ya zauna, yana kallon gaba. Goggo ta riƙe igiyar da hannu ɗaya, ɗaya hannun ta zura cikin keken ta ajiye masa wani ƙulli a cinya. Busasshen zogale ne. Bappa ya taɓa ya ji ko mene ne, ya ɓata fuska.

"A can ba wanda zai gan ka," in ji ta.

Ya ɗaga ƙullin, ya tura shi can cikin aljihun babbar rigarsa, ya ce wa mai keke su tafi.